Likitan Da Ya Cika Goma

Mutum tara ya ke, in ji Hausawa, bai cika goma ba. To amma duk mai kallon fina-finan zane na ƙasar Japan, waɗanda a ke kira anime, musamman masu ba da labarin likitoci, ya san cewa a can an daɗe da ƙera mutanen da su ka cika goma cif, wasun su ma har da gyara. Za ka ga likita matashi wanda kallo ɗaya zai yi wa majinyaci ya faɗi cutar da ta gagari furofesoshi. Hannun sa ba ya rawa a ɗakin tiyata, kuɗi ba sa gaban sa, ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya fushi sai da azzalumi. Duk wanda ya yi gardama da shi a farkon fim, kafin ƙarshe sai ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri.

Masu sharhin fim kan ce matsalar irin wannan jarumi ita ce gundura: tunda ka san zai yi nasara, zaman jiran me ka ke yi? Haka ne, amma a gani na wannan ƙaramin laifi ne. Babbar tambayar ta shafi ɗabi'a. Shin mutumin da ba zai iya yin kuskure ba, akwai wani halin kirki da ni da kai za mu koya a wurin sa? Sannan me irin wannan labari ke cusa wa mai kallo game da likitan gaske, wanda zai tarar ranar da ciwo ya kai shi asibiti?

Bari mu soma da misali. A shekarar 2022 aka nuna wani shiri mai kashi 12, mai suna Parallel World Pharmacy, wanda aka ɗauko daga littafin Liz Takayama. Labarin wani masanin haɗa magunguna ne ɗan Japan, Kanji Yakutani, wanda ƙanwar sa ta rasu tun ta na ƙarama sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa. Baƙin cikin haka ya sa ya duƙufa a kan bincike ba dare ba rana, har yawan aiki ya kashe shi ya na ɗan shekara 31. Sai ya farka a wata duniyar daban, mai kama da Turai ta zamanin da, a cikin jikin wani yaro ɗan shekara goma mai suna Falma, ɗan babban mai magani na fadar sarauniya.

Yaron nan ya zo da dukkan ilimin zamanin mu a kan sa. Bayan wannan kuma an ba shi baiwa uku. Da hannu ɗaya ya na iya samar da kowane sinadari da ya san tsarin sa, da ɗaya hannun ya na iya ɓatar da shi, sannan idan ya dubi mutum ta tsakanin yatsun sa zai ga inda cuta ta ke ta na haske. Lokacin da sarauniya ta kwanta da tarin fuka, manyan masu maganin fada su ka sallama, shi kuwa Falma ya samar da magungunan nan huɗu da a ke ba masu wannan cuta a yau. Daga nan ya buɗe kantin magani don talakawa, ya yaƙi hodar kwalliya mai guba, ƙarshe ya tari annoba.

Kada a ce na yi wa shirin rashin adalci. Bayanan da ke cikin sa na magani sun yi daidai da ilimi a wurare da dama, kuma Falma yaro ne mai tausayi. Amma ka duba abin da aka ɗauke masa. Likitan gaske ya na aiki ne cikin duhu: ya tambaya, ya taɓa, ya aika a yi gwaji, ya yi zato, wani lokaci zaton ya ci, wani lokaci ya kauce. Shi Falma an kunna masa fitila. Likitan gaske ya na fama da rashi: babu magani, babu jini, babu gado, majinyata biyu likita ɗaya. Shi Falma kantin magani na tafin hannun sa. Magungunan tarin fuka da ya samar cikin ƙiftawar ido, mutane da yawa ne su ka shafe shekaru su na neman su a ɗakunan bincike tun daga 1943 da aka gano na farko mai aiki, kuma har yau mai cutar sai ya yi wata shida ya na sha kafin a ce ya warke.

To idan ka cire jahilci, ka cire rashi, me ya rage na jarumtar likita? Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu na yaba wa mai gaskiya ne saboda ƙarya na nan a buɗe, kuma da ya yi ta da ya ci riba. Mu na yaba wa mai kyauta ne saboda abin da ya bayar ya ragu a aljihun sa. Alherin da bai ci wa mai shi komai ba, kuma babu ta yadda zai juye ya zama sharri, ya fi kama da ruwan sama. Ka na jin daɗin sa, ka na godiya, amma ba za ka ce za ka yi koyi da girgije ba.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. A labarin likitan da ba ya kuskure, majinyaci kan daina zama mutum. Ya na shigowa ne kurum don jarumi ya nuna bajinta, kamar yadda a ke jera yaran bos a fim ɗin faɗa don akta ya samu na duka. Cutar sa ta zama kacici-kacici, hawayen iyalin sa sun zama kiɗan taushi kafin tafi. Da zarar ya warke an gama da shi, sai na gaba. Sauran ma'aikata kuwa, nas-nas da ƙananan likitoci, aikin su shi ne buɗe baki da zare ido su na cewa kai, wannan wane irin gwani ne!

Ba Falma kaɗai ba ne. A Ray the Animation na 2006, jarumar likita ce mai idanun da ke ganin cikin jikin mutum kamar na'urar ɗaukar hoton ƙashi. A Doctor Elise na 2024, wanda asalin sa labarin Koriya ne, ƙwararriyar likitar tiyata ce ta koma wata rayuwar da ilimin zamani, ta na koya wa manya aikin su. Hatta a wasan talbijin na mutane, shirin Doctor-X da aka soma a 2012 ya yi farin jini a Japan da jarumar da taken ta shi ne ita ba ta faɗuwa a tiyata. Kasuwa ce, kuma ta na ci.

Abin mamaki shi ne, wanda ya kafa wannan gidan bai gina shi haka ba. Osamu Tezuka, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 1989, ya karanci likitanci a Osaka har ya samu lasisi, kafin zane ya ɗauke shi gaba ɗaya. Daga 1973 zuwa 1983 ya riƙa fitar da labarin Black Jack a mujallar Weekly Shonen Champion, daga baya darakta Osamu Dezaki ya soma mai da shi fim a 1993, sannan aka yi na talbijin daga 2004. Black Jack likitan tiyata ne da babu kamar sa a duniyar labarin. Ta fuskar gwaninta, ya fi ƙarfin hankali. Amma Tezuka, da ya ke ya san asibiti ta ciki, sai ya ƙi bari ya cika goma.

Da farko dai mutumin ba shi da lasisi. Ga tsadar tsiya, ya kan yanka wa majinyaci miliyoyin kuɗi ba tare da kunya ba. Ga baƙar magana, ga riƙo. Fuskar sa rabi da rabi ce, duk ɗinki, saboda bam da ya tashi da shi da mahaifiyar sa ya na yaro. Mai kallo ba ya taɓa sakin jiki da shi, domin bai san ko yau tausayi zai yi ko ciniki ba. A wani labarin, ya nemi yen miliyan 30 a wurin wani magidanci kafin ya taɓa tsohuwar sa da jini ya zuba a ƙwaƙwalwar ta. Sai da mutumin ya ce zai biya ko da zai ƙare rayuwar sa ya na biya, sannan mu ka gane abin da likitan ke son ji kenan. Wannan gwaji ne ko zalunci? Tezuka ya bar maka ka yanke.

Mafi muhimmanci, Black Jack ya na faɗuwa. Malamin sa, Dakta Honma, wanda ya ɗinke shi ya na yaro, ya kira shi a ƙarshen rayuwar sa ya faɗa masa wani sirri: a wancan aikin ya manta wuƙar tiyata a cikin sa, tsoro da kunya su ka hana shi faɗa, sai bayan shekara bakwai ya samu damar ciro ta. Da ya ciro, sai ya tarar jikin yaron ya lulluɓe wuƙar da wani ɓawo mai tauri, ta yadda ba ta yanke shi ba. Wato babban likita ya yi kuskure, jiki ya gyara da kan sa. Bayan wannan furuci Honma ya faɗi, Black Jack ya yi masa aiki ba tare da kuskure ko ɗaya ba, amma tsohon ya mutu. A wani labarin kuma ya yi takara da Dakta Kiriko, tsohon likitan soja mai sana'ar kashe waɗanda ciwo ya gallaba idan sun nema. Black Jack ya ceto matar da su ke jayayya a kan ta, sai ga labari cewa ita da 'ya'yan ta sun mutu a haɗarin mota. Kiriko ya yi dariya, shi kuwa ya dage cewa duk da haka zai ci gaba da warkar da mutane.

Nan ne darasin ya ke. Mutumin da ya san cewa gwanintar sa ba ta da iko da ajali, amma gobe ya sake wanke hannu ya shiga ɗakin tiyata, ya nuna maka wani hali da za ka iya ɗauka ka tafi da shi wurin aikin ka, ko kai malamin makaranta ne ko direba.

Sai misali na uku, wanda ya fi wuyar sha'ani. Monster na Naoki Urasawa ya fito a rubuce daga 1994 zuwa 2001, kamfanin Madhouse ya mai da shi shiri mai kashi 74 daga 2004 zuwa 2005. Jarumin, Dakta Kenzo Tenma, likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Japan da ke aiki a birnin Dusseldorf na Jamus. Mutane da yawa na sukar sa da cewa ya cika tsarki: gwani ne, mai tawali'u ne, duk ƙauyen da ya ratsa sai ya bar mutane su na sa masa albarka. A fuska, shi ma ɗan goma ne. To me ya raba shi da Falma?

Abin da ya raba su shi ne duniyar da aka jefa su ciki. A 1986, shugaban asibiti ya umarci Tenma ya bar wani lebura ɗan Turkiyya ya je ya yi wa wani shahararren mawaƙi aiki. Ya bi umarni, leburan ya mutu, matar sa ta zo ta ci kwalar Tenma ta na kuka. Da irin haka ta sake faruwa, aka kawo yaro da harsashi a kai, sannan aka kawo magajin gari, sai Tenma ya ƙi bin umarni ya tsaya a kan yaron da ya riga zuwa. Magajin gari ya mutu, Tenma ya rasa muƙami, budurwar sa, 'yar shugaban asibitin, ta jefar masa da zobe. Har nan labari ne da mu ka saba gani: mai gaskiya ya sha wuya, daga baya zai ci riba. Sai Urasawa ya murɗe shi. Yaron da aka ceto, Johan, shi ne ya girma ya zama makashin da ba shi da ɗigon imani, kuma bayan shekara tara ya harbe majinyacin Tenma a gaban idon sa.

Ka ga tambayar da ta taso ba ta da amsa mai sauƙi. Tenma ya yi daidai, kuma daidai ɗin nan ta jawo mutuwar mutane da yawa. Shin laifin sa ne? Idan ya ɗauki bindiga ya kashe Johan, ya rushe aƙidar da ta sa ya cece shi, wato cewa rai duk rai ne. Idan ya bar shi, wasu za su ci gaba da mutuwa. Kashi 74 ya na yawo da wannan kaya a ka, ya rame, ya bar gashi, ya koyi harbi, hannun da ba ya rawa da wuƙar tiyata ya na rawa da bindiga. A ƙarshe ma, da aka sake kawo Johan da harsashi a kai, Tenma ya sake yi masa aiki. Za ka iya cewa wauta ce, za ka iya cewa nan ne ƙarshen mutunci. Amma ba za ka ce kirkin sa kyauta ya same shi ba.

Saboda haka laifin ba ya ga gwaninta, ba ya ga kyan hali. Marubuci na iya ba jarumin sa duka biyun. Inda a ke yin ɓarna shi ne idan marubucin ya haɗa baki da jarumin, ya share masa hanya, ya tabbatar duk abin da ya zaɓa shi ne daidai kuma sakamakon sa mai daɗi ne.

Wani zai ce, malam, katun ne fa, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne abin da mutane ke ɗauka su tafi da shi asibiti. A 1996 wasu likitoci a Amurka su ka bibiyi shirye-shiryen talbijin uku na asibiti, su ka tarar kashi 75 cikin 100 na waɗanda zuciyar su ta tsaya a shirin su na farfaɗowa idan an danna masu ƙirji, alhali a zahiri waɗanda ke tsira ba su kai ko kusa da haka ba. Wanda ya saba ganin haka, ranar da nasa ya mutu zai ce lallai wani ne ya yi sakaci.

Japan kan ta ta ɗanɗana wannan. A Disamba 2004 wata mata ta rasu wajen tiyatar haihuwa a asibitin Ono da ke jihar Fukushima, bayan mabiyiya ta manne wa mahaifa jini ya ɓalle. Likitan, wanda shi kaɗai ne likitan haihuwa a asibitin, 'yan sanda su ka kama shi a Fabrairu 2006. Ƙungiyoyin likitocin ƙasar su ka yi ca, su na cewa idan kowace mutuwa za ta kai likita kurkuku, ba wanda zai yarda ya karɓi haihuwa mai haɗari. A Agusta 2008 kotu ta wanke shi. Ban ce fim ɗin zane ne ya jawo wannan ba. Amma tunanin da ke ƙarƙashin su ɗaya ne: cewa likitan ƙwarai ba ya rasa majinyaci, don haka duk inda aka rasa akwai mai laifi.

Kuma wannan tunanin ya na cutar da majinyaci fiye da kowa. Likitan da aka ɗora wa cika goma, ranar da ya yi kuskure ɓoyewa zai yi, kamar yadda Honma ya yi shiru shekara bakwai. Kuskuren da aka ɓoye kuwa ba a gyara shi, sai ya sake cin wani. A Janairu 1999, a asibitin jami'ar birnin Yokohama, aka musanya majinyata biyu: mai ciwon zuciya aka yi masa aikin huhu, mai ciwon huhu aka yi masa aikin zuciya. Ba rashin gwanaye ba ne ya jawo, nas ɗaya ce ta turo gadaje biyu a lokaci guda, kuma duk wanda ya yi ɗan shakka a ɗakin tiyata bai tsayar da aikin ba. Abin da ya rage irin wannan a duniya abu ne da ba zai yi kyau a fim ba sam: takardar tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, inda a ke tsayawa a tabbatar da sunan majinyaci, da wurin da za a yanka, a ƙirga kayan aiki kafin a ɗinke. A asibitoci takwas da aka gwada ta, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Takardar nan an gina ta ne a kan yarda cewa kowa tara ya ke, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka akwai hujja ɗaya da ya kamata a saurara. Mutumin da ya wuni ya na fama da rayuwa, ko wanda ya taɓa zaman jinya ya ga nasa ya tafi, ya na da haƙƙin ya zauna minti 24 ya kalli duniyar da a cikin ta magani ke aiki, likita ke zuwa a kan lokaci, talaka ke samun kulawa irin ta sarauniya. Ba banza ba marubuciyar Falma ta sa jarumin ta ya mutu saboda aiki, a ƙasar da mutuwar yawan aiki ta ke da suna na musamman, karoshi. Mafarki ne na gajiyayyu, kuma ba a hana gajiyayye mafarki. Sai dai zuma ce, a lasa a wuce. Idan ta zama ita ce tuwon kullum, har mai kallo ya soma ganin likitan da ya ce "ban sani ba tukuna, sai mun yi gwaji" a matsayin ragon likita, to an yi asara.

Kuma ba dole ba ne a zaɓi tsakanin daɗi da gaskiya. The Apothecary Diaries, wanda aka soma nunawa a 2023, ya samu karɓuwa sosai da jaruma Maomao, yarinya mai haɗa magani a fadar sarki. Ta na da kaifin basira, ita ce ta gano cewa farar hodar da matan sarki ke shafawa ce ke kashe jarirai. Amma baiwa ce da ba ta da ikon faɗa a fili, sai ta rubuta gargaɗi a ɓoye. Ɗaya matar ta ji, 'yar ta ta rayu. Ɗayar ta yi watsi da shi, ɗan ta ya mutu. Sanin Maomao bai isa ya ceci kowa ba, kuma ita kan ta ta na da son guba da ya wuce hankali, har ta na gwadawa a hannun ta. Masu kallo ba su guje ta ba saboda wannan, sai ma ƙara son ta da su ka yi.

Don haka idan ka zauna kallon shirin likita na gaba, mai karatu, ka jira ka ga ranar da majinyaci zai mutu a hannun jarumin, ka lura da abin da zai yi washegari: zai je ya fuskanci iyalin, zai faɗi gaskiyar abin da ya faru, zai koma aiki? Idan har shirin ya ƙare wannan ranar ba ta zo ba, ka sha kallo, amma ba a nuna maka likita ba tukuna.